Bazarar da Na'ura Ta Ƙi Yatsun Haladu

Bana zafi ya sauka da wuri. Tun kafin hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙas-ƙas kamar ana jifansa da tsakuwa, kaji su shige ƙarƙashin benci su saki fukafukai, baki buɗe. Shekaranjiya ina tsaye a famfon unguwa ina jiran bokitina ya cika, sai wata mota ta wuce da lasifika a kanta, ana shelar an buɗe rajistar katin zaɓe. 'Yan matan da ke layi ko ɗaga kai ba su yi ba, ɗaya ma cewa ta yi ita a waya za ta fara nata. Ni kuwa bokiti ya cika, ruwa yana zuba a ƙafata ban sani ba. Irin zafin nan da irin shelar nan sun taɓa haɗe mana a wata shekara, kuma a cikin azumi.

A lokacin babu famfon nan. Unguwarmu tana gangare, bayan kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ɗakunan langa-langa da bulo marar shafe, kuma kusan dukanmu 'yan ci-rani ne da ci-ranin ya zame musu zama. Maigidana Haladu lodin siminti yake yi. Tirela ta tsaya su sauke, motar mai saye ta tsaya su ɗora. Ni kuma, Kulu, wankau nake yi a gidajen ma'aikata da ke tsallaken babban titi. 'Yarmu ɗaya a lokacin, Jamila, ba ta ma isa shiga makaranta ba.

Kafin a ga wata rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Sai ka zura guga ka ji ya bugi ƙasa, ka jawo laka. 'Yan garuwa suka daina gangarowa wajenmu, suka koma gidajen sama inda ake saye da daraja. Abin da ya rage mana shi ne rafin ƙarƙashin gada, inda ake wankin manyan motoci, kuma can ne ruwan kasuwar dabbobi yake gangarawa da kashin shanu. Da an idar da sallar asuba sai mu mata mu ɗauki robobi mu sauka. Mu tona rami a yashin gefe, mu tsuguna muna jiran ruwa ya tsattsafo, mu kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. A gida a jefa alif ya kwantar da dattin, a tafasa in akwai gawayi. Ko an tafasa, warin bai fita.

Kafin in dawo Haladu ya wuce kasuwa. Da azumi a bakinsa yake lodi, ya jiƙa tsumma ya ɗora a ka, kafin ya sauke buhu kaɗan tsumman ya bushe ƙamas. Da yamma ya shigo fari fat, har gashin ido, leɓɓansa sun tsattsage. Ya zauna a bakin ƙofa ba ya iya magana, yana kallon kofin kunun tsamiya har a kira salla. Kusan kullum hadari yakan haɗu ta wajen Dutsen Zuma, ya yi baƙi, ya yi rugugi, yara su fito da kwanuka. Sai iska ta taso ta watse shi, ta bar mu da zafin da ya fi na da.

Dalilin da ya sa maganar kati ta shiga ran Haladu, abu biyu ne. Ana dab da fara azumi wasu jami'ai suka yi samame a kasuwa, suka kwashe a mota duk ɗan dakon da ba shi da shaidar ko shi wane ne. Ƙauyensu Haladu yana bakin iyaka, gaba da Jibiya, da suka ji harshensa sai suka ce ɗan Nijar ne. A can ya kwana, ya sake kwana, sai da ogansa ya je ya karɓo shi. Ya dawo ba takalmi. Bai ba ni labarin abin da aka yi musu ba, har yau. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kulu, kakana a ƙasar nan aka binne shi. Amma da suka ce in nuna, ba ni da abin nunawa."

Na biyu kuma, mai unguwarmu Baba Tanimu ya tara maza bayan sallar Juma'a, mu mata muna ji ta bayan zana. Ya ce, "Na yi zarya kan maganar ruwan nan har takalmina ya cinye. Duk ofishin da na shiga tambaya ɗaya ce, ƙuri'a nawa ce a unguwarku. Wanda ba shi da kati, ko ƙishirwarsa ba a ji. Kowa ya je ya yi, maza da mata."

Muka tafi a makon farko na azumi, ni da Haladu da abokin lodinsa Idi, mutumin ƙauyensu. A wata firamare aka kafa na'urar rajistar. Mun isa rana ba ta fito ba, amma layi ya riga ya zagaye katanga. Inuwa ɗaya ce a filin, ta wani mangwaro, tsofaffi sun cika ta. Mu muka tsaya a rana. Janareto ya mutu a tayar, netwok ya ɗauke a jira. Wata mata a gabana ta sulale ta faɗi, aka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo tana datse baki kada ɗigo ya shiga. Ni kaina ina jin harshena kamar guntun fata a baki.

Bayan azahar layi ya zo kanmu. Ma'aikacin wani matashi ne, gumi ya jiƙa masa riga, Hausarsa irin ta Abuja. Ya ce in ɗora yatsuna a kan wani ɗan gilashi. Duk da omo ya ci hannuna, fitilar ta yi kore. Ya ɗauki hotona, ya ba ni 'yar takarda, ya ce an gama.

Haladu ya zauna ya ɗora nasa. Fitila ta yi ja. Matashin ya goge masa yatsu da auduga, ta yi ja. Ya ce ya shafa su a goshi su ɗauki maiƙo, ta yi ja. Ya gwada na dama, ya gwada na hagu, ya danna da nasa hannun har gilashin ya yi ƙara.

Ya ce, "Baba, yatsanka ba ta da layi. Mashin ba ya ganin komai."

Haladu ya ce, "Ga ni a zaune gabanka."

"Ni na ganka. Mashin ne bai ganka ba. In babu yatsa babu rajista, haka oga ya ce. Saboda masu yi sau biyu, da yara, da waɗanda ba 'yan ƙasa ba."

Na ga yadda fuskar Haladu ta yi da jin kalmar ƙarshe. Matashin ma ya gani, sai ya sassauta murya. "Ka huta da aiki kaɗan, ka shafa mai, fata zai dawo. Ka dawo in yi maka."

Idi ma haka aka yi masa. A hanyar gida na kama hannun Haladu na duba, abin da ban taɓa yi da lura ba. Kan yatsunsa sumul, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Siminti ya cinye zanen da aka haife shi da shi. Idi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ni dai na haƙura. In na bar lodi, yarana ganye za su ci? Da sallah ta matso gida zan tafi in jira shuka."

Haladu bai haƙura ba. A wajen buɗa baki ya ce zai ajiye aiki na ɗan lokaci. Na ce, "Malam, da me za mu ci?" Ya ce ba zai daɗe ba, fata ce, Allah zai mayar. Da ya gaya wa ogansa, ogan ya ce masa tirela ba ta jiran kowa.

Haka muka shiga wata sabuwar hidima. Da safe in na dawo daga rafi in narka man kaɗanya in shafa masa yatsa bayan yatsa, in zura masa tsohuwar safa a kowane hannu. In lokacin alwala ya yi a cire, a sake shafawa. Mutumin da bai taɓa wuni a gida ba sai ga shi zaune a bakin ƙofa, hannuwa a kan gwiwa, ba ya taɓa igiya, ba ya taɓa itace. Yakan buɗe tafinsa a hasken rana ya ƙura masa ido, kamar manomin da ke duba ko iri ya tsiro.

Abinci ya dinga ja da baya. Ƙosai ne ya fara ɓacewa daga buɗa baki, sai sukari, sai kunun ya koma ruwa-ruwa har kana ganin gindin kofi. Sahur ya zama garin kwaki da gishiri. Na ƙara gidajen wanki, ina wanke zannuwan gado a tsakar rana har idona ya riƙa ganin duhu-duhu, in dawo da ƙanzon shinkafa a leda in wata Hajiya ta tuna da ni. Muka sayar da rediyo. Muka sayar da kwanukan samira da na zo da su daga gidanmu. Mama Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Gbagyi, ba azumi take yi ba, amma takan ajiye mana ɗan itace ko rabin doya a bakin ƙofa ta wuce ba ta ce komai ba.

A tsakiyar azumi ya koma shi kaɗai. Ya wuni a layi. Da ya ɗora, ɗan ƙaramin yatsansa na hagu ya sa fitila ta yi kore, sauran suka ƙi. Matashin ya ce zanen ya fara dawowa, ya ƙara haƙuri. Haladu ya shigo gida yana murmushi, yana nuna mini ɗan yatsan. Murmushin nan ya fi komai tsorata ni, don na gane ba zai tsaya ba.

A makon ne gawayi ya yanke mana, itace ma babu, muka sha ruwan rafi yadda yake. Mu manya cikinmu ya jure. Jamila ta kama amai da gudawa. Kafin wuni ya ƙare idanunta sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya a yadda ka ja ta. Muka ruga da ita wani ƙaramin asibiti a bakin titi, aka sa mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar ta ce kada a sake ba ta komai sai ruwan leda. Na kwance atamfata ta fita unguwa na kai wa dillaliya.

A barandar asibitin na sami Haladu zaune, safa a hannu, mai ya ɓata ta. Abin da ke cina ya taso mini.

Na ce, "Malam, shiga ka dubi 'yarka. Ka zauna kana kiwon yatsu kamar amarya a lalle. Katin za ta sha?"

Ya ce, "Ruwan da ya kwantar da ita fa, Kulu? In ba mu yi ba, baɗi ma shi za ta sha."

"Katinka ɗaya ne zai haƙa rijiya?"

"Ban sani ba. Amma in suka sake zuwa da mota suka tafi da ni, wa zai ciyar da ku?"

Na ce, "Yanzu wa yake ciyar da mu?"

Ya zare safar da haƙori, ya ajiye a kan benci, ya miƙe ya nufi kasuwa. Da la'asar ya dawo, hannunsa tas, ko ƙurar siminti babu. Ogansa ya riga ya ɗauki sababbin 'yan ci-rani. Ya zaga shaguna, kowa na cewa sai bayan sallah. Ga shi ba aiki, ga shi ba kati. Ya ɗauki safarsa a inda ya bar ta ya mayar da kansa. Har yau ban ɗauki maganata a matsayin kuskure ba, shi ma bai taɓa cewa tasa kuskure ce ba. Yunwa ce da tsoro, kowa ya riƙe ɓangaren da ya fi ƙona shi.

Jamila ta tashi, sai dai ta koma kamar kara. Muna cikin goman ƙarshe aka yi shelar za a rufe rajista. A ranar rufewar na goya ta na bi shi, don na san in aka sake korarsa shi kaɗai, ban san ina zai nufa ba. Baba Tanimu ma yana can da sauran mutanen unguwa. Ranar ko ganye ba ya motsi. Sama ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa, mutane sun ninka na farko, ana turereniya ana zage-zage da azumi a baki. Ƙarƙashin mangwaron nan kuma wasu ne zaune da aka riga aka sallama, masu buga bulo da wata tsohuwa mai fasa dutse, sun rasa ƙarfin tafiya gida.

La'asar ta kusa sannan Haladu ya kai ga kujerar. Ƙaramin yatsa ya yi kore. Na kusa da shi ya yi kore bayan an sha fama. Sauran duk ja.

Matashin ya dafe kai. Ya ce, "Baba, na yi ƙoƙari. Sai wani lokaci."

"Yaushe ne wani lokaci?"

"Bayan zaɓe."

Haladu ya ɗora hannuwansa a kan teburin. Ya ce, a hankali, "Ba zan tashi ba."

Na baya suka fara gunaguni. Mai gadi ya matso ya kama kafaɗarsa. Ni abin da na hango shi ne motar jami'an nan, da dawowarsa ba takalmi. Na durƙusa da goyo a bayana ina roƙon mai gadin, ina roƙon matashin, ina roƙon Haladu ya tashi mu tafi, ban ma san me nake faɗa ba. Shi kuwa idonsa na kan gilashin.

Sai na ji muryar mace ta ce a sake shi. Wata Hajiya ce mai tabarau, takalminta duk ja da ƙasa. Daga baya na ji ita ce babbar da ke zagaya wuraren rajista, ranar ne ta iso namu. Ta ce, "Malam, buɗe hannunka in gani." Ya buɗe. Ta duƙa ta duba sosai.

Ta ce, "Siminti?"

Ya ce, "Siminti, Hajiya."

Ta juya ta yi wa matashin magana da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce mata, "Ba a gaya mana ba, Hajiya." Ta ce ta sani. Sannan ta dawo kanmu da Hausa. Ta ce an sa dokar yatsa ne don kada mutum ya yi rajista sau biyu, ba don a kori wanda aiki ya cinye masa hannu ba. Akwai hanyar da aka tanada: a ɗauki yatsun da suka fito, a ɗauki hoton hannuwan, ita kuma ta amince. Amma sai ta tabbatar da shi. Ta tambayi sunansa da na mahaifinsa, da ƙauyensu, da inda yake zaune, da wanda ya san shi. Baba Tanimu ya kutso ya ce, "Ni ne mai unguwarsu. Ni na nuna masa inda ya kafa ɗakinsa, a gabana aka raɗa wa yarinyar nan suna."

Aka ce ya ɗaga hannuwa gefen fuskarsa, aka ɗauki hoto. Hajiyar ta danna wani abu. Kunu ma ya fi wannan daɗewa a kan wuta. Matashin ya miƙo masa 'yar takardarsa da hannu biyu.

Haladu ya karɓa, ya miƙe, sai ya tsaya. Ya ce, "Hajiya, wannan hanyar, yau aka kawo ta?"

Ta ce, "A'a, Malam. Tun ranar da aka fara take."

Ya juyo ya dubi Jamila a bayana, kanta ya langaɓe a kafaɗata, wuyanta kamar zai karye.

Daga baya katin ya fito. Haladu ya samu lodi a wani shago bayan sallah, ruwa ma ya sauka a ƙarshe. Ranar zaɓe ya tsaya a layi ya dangwala, wanda ya zaɓa ma bai ci ba. Famfo sai da aka ƙara wasu bazarori kafin ya zo, kuma ban san ko katunanmu ne suka kawo shi ba. Amma ba ranar zaɓen ce ta zauna mini a rai ba, abin da ya faru da muka fito daga ajin ne.

Mai gadi ya fara tura ƙofar makarantar, yana korar waɗanda ke ƙarƙashin mangwaro. Haladu ya ba ni takardar, ya taka da sauri ya tokare ƙofar da kafaɗa. Mai gadin ya tura, ƙofa ta ƙi motsi. Haladu ya dubi masu bulo da tsohuwar ya ce, "Ku koma ciki. Akwai hanya. Ku nemi Hajiya mai tabarau." Muryarsa ta dushe da ƙishirwa, sai da ya maimaita. Suka tashi suna kallon juna. Hajiyar ta leƙo ta taga ta ce a bar su su shigo. Bai janye kafaɗarsa ba sai da tsohuwar ta wuce.

Amma waɗanda ke wurin kaɗan ne. Mafi yawan waɗanda aka sallama tun farkon azumi ba su sake dawowa ba. Haladu ya ari wayar Baba Tanimu ya kira Idi, wanda ya riga ya isa ƙauye. Wayar mai ƙara ce, ina jin komai.

Ya ce, "Idi, ashe akwai hanya. Tun farko akwai. An yi mini. Ka taho."

Idi ya ce, "Yaushe za a rufe?"

Haladu ya dubi ƙofar da mai gadi ke zura wa sarƙa. Ya ce, "Yau."

Ana jin kukan awaki ta can ɓangaren. Sannan Idi ya ce, "To ko tsuntsu ne ni ai ba zan iso ba. Ranar zaɓe ka danna da ƙarfi, ya ishe mu mu biyu."

Haladu ya ce to. Ya daɗe da wayar a kunnensa bayan ta katse.